Jami'a: Kalmar da ta fi harabar makaranta faɗi

Jami'a kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci. A bakin yawancin mutane a yau ma'anarta ɗaya ce tak: babbar makarantar da ake shiga bayan sakandare a fito da digiri. Da za a tsayar da mutum goma a tashar motar Kankiya, ko a mararrabar Yashe da ke ƙaramar hukumar Kusada, a tambaye su ina jami'a take, da wuya a samu wanda ba zai nuna hanyar Dutsin-Ma ko Katsina ko Zariya ba. Amsar daidai ce, sai dai wannan ma'ana ita ce auta a gidan. Asalin kalmar shi ne "mai tarawa", wato abin da ke haɗa mutane ko ilimi ko al'amura wuri guda ba tare da ya bar wani a waje ba. Da wannan ma'ana ta yi aiki fiye da shekara dubu a masallaci da littattafan hadisi da zaurukan malamai, ta shiga siyasar Musulmin duniya, ta kuma shiga bakin Kiristocin Larabawa, kafin a liƙa ta a ƙofar makaranta.

Saiwar kalmar

Haruffa uku ne saiwar: jim da mim da ain. Duk inda suka haɗu a Larabci, zancen tarawa ake yi. Jami'i shi ne mai tarawa idan namiji ne, jami'a idan mace ce. Bahaushe ya ɗebi 'ya'yan wannan saiwa da yawa har ya manta da cewa dangi ne. Jama'a tana ciki, haka Juma'a, ranar taruwa. Akwai jam'i, wanda ake faɗa ga sallar da aka bi liman da kuma kishiyar tilo a nahawu. Akwai jam'iyya, da ijma'in malamai, da majami'a. Kalmar da fiƙihu ke kiran saduwar ma'aurata da ita ma daga nan ta fito. Jimla kuwa, duk da kamar da take yi da su a kunne da ma'ana, ba 'yar gidan ba ce. Tata saiwar da lam ta ƙare.

A Alƙur'ani siffar ta zo ga Allah Maɗaukaki a farkon Suratu Ali Imrana, a matsayin Mai tara mutane a ranar da babu shakka a kanta, kuma Al-Jami'u yana cikin sunayensa kyawawa da ake lissafawa. A aya ta 62 ta Suratun Nur an siffanta wani irin al'amari da kalmar, wato sha'anin da ya shafi kowa, wanda bai kamata mumini ya zame jiki daga taronsa ba sai da izini. Kiran da ake yi idan rana ta yi husufi, "Assalatu jami'a", shi ma wannan kalma ce: salla ce mai tara kowa, a fito.

Daga masallaci

Larabawa suna bambanta masallaci biyu. Na unguwa, inda ake khamsu salawati, shi ne masjid. Wanda gari duka ke haɗuwa a cikinsa ranar Juma'a shi ne jami'i. Hausa ba ta ɗauki wannan suna yadda yake ba, ta ce masallacin Juma'a, amma hukuncin da ke bayan sunan ya daɗe yana aiki a ƙasar Hausa.

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta wannan ƙasa tun zuwan littattafan fiƙihu, Juma'a ba ta inganta sai a ginannen masallaci, da mazauna gari aƙalla goma sha biyu ban da liman. Wanda ke zaune tazarar kimanin mil uku daga masallacin, wajibi ne ya taho. Magana mafi shahara kuma ita ce ba a yin Juma'a biyu a gari ɗaya sai da larura, kamar ƙuncin wuri ko tsoron fitina. Idan aka yi ba tare da larura ba, ta tsohon masallaci ce ingantacciya. Dalilin a fili yake. An so a samu rana ɗaya a mako da hakimi da talaka, attajiri da ɗan dako, Bahaushe da Bafillace da baƙon da ya sauka jiya, za su tsaya sahu ɗaya su saurari huɗuba ɗaya. Shi ya sa dattawan ƙauyukan Kankiya da Kusada, kamar na sauran gundumomin Masarautar Katsina, suka taso suna ganin Juma'a a matsayin ranar shiga gari: a yi wanka, a sa riga, a kama hanya a ƙafa ko a kan jaki ko keke, a yi salla, a gaida dangi, a ji labarin duniya.

Yau ba haka abin yake ba. Garuruwa sun cika sun batse, kuma wannan larura ce da fiƙihu da kansa ya yarda da ita. Amma duk mai adalci ya san ba yawan jama'a kaɗai ya yawaita masallatan Juma'a ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da saɓanin da ya biyo baya tsakaninta da mabiya ɗariƙu, sannan rabuwar da ta auku a cikin ƙungiyoyin kansu, garin da bai kai ya kawo ba sai a same shi da Juma'a uku ko huɗu, kowa ya san wadda yake zuwa da wadda ba ya taka ƙafarsa. Ba hurumin wannan shafi ba ne ya ce wane ne da gaskiya. Abin da ya shafi kalma shi ne: masallacin da aka gina don wani ɓangare ya kauce wa wani, ko da ana Juma'a a cikinsa, sunan jami'i bai zauna masa daidai ba.

Kalmar jama'a ma tana da irin wannan tarihi. Shekara ta 41 bayan Hijira, lokacin da Sayyidina Hasan ya sauka ya bar wa Mu'awiya mulki don a daina zubar da jini, ita ake kira Shekarar Jama'a. Mabiyan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Degel da Gudu da sunan Jama'a aka san su, kuma sunan ya bar tabo a taswira, a Jama'are ta Jihar Bauchi da Jama'a ta kudancin Kaduna. Da Sardauna Ahmadu Bello ya so tara Musulmin Arewa ƙarƙashin inuwa ɗaya a 1962, sai aka kira ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam.

A zauren malamai

A nan ne kalmar ta fi nuna zurfinta, kuma a nan ne mai karatun boko ya fi jahiltarta.

Malaman hadisi ba kowane littafi suke kira jami'i ba. Littafin da ya tsaya a kan hukunce-hukunce, tsarki da salla da aure da ciniki, sunan ake ce masa. Sai wanda ya ratsa dukkan manyan babuka, aƙida da hukunci da tausasa zuciya da ladubba da tafsiri da tarihi da fitinu da darajojin mutane, shi ya cancanci a ce masa jami'i. Littafin Imam Bukhari, wanda ya rasu a 870 Miladiyya, cikakken sunansa da wannan kalma ya fara, haka na almajirinsa Tirmizi. Imam Malik ya rufe Muwaɗɗa da wani sashe mai suna Kitabul Jami'i, inda ya zuba mas'alolin da suka ƙi zama ƙarƙashin babi ɗaya. Duk almajirin da ya sauke Ishmawi da Iziyya ya shiga Risala ta Ibn Abi Zaid, ko a Kusada yake karatu ko a Gambarawa ta birnin Katsina, sai ya iske babi jami'i a kan salla, inda malam zai gaya masa cewa nan ne aka tattaro abin da ya watsu. Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya yi Jami'us Sagir da Jami'ul Kabir. Shi ne kuma ya aiko wa sarakunan wannan yanki da wasiƙar nasiha, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahim.

Masu ilimin manɗiƙi suna da wata ƙa'ida da ya kamata kowane ɗan jarida da kowane mai rubuta doka ya haddace. Sun ce bayanin ma'anar abu ba ya cika sai ya zama jami'i kuma mani'i: ya tattaro duk abin da ke cikin ma'anar, ya kuma hana abin da ba ya ciki shiga. Wanda ya ce doki shi ne dabbar da ake hawa, bai hana jaki da raƙumi ba. Wanda ya ce doki shi ne dabbar da sarki ke hawa da Salla, ya bar dokin mai noma a waje. Wannan ƙa'ida ta nuna cewa tarawar da kalmar ke nufi ba tarkace ba ce. Tana da iyaka, sai dai iyakar ba ta zaluntar wanda ya cancanci shiga.

Idan aka ce malami jami'i ne, ko mutafannini, ana nufin wanda bai tsaya a fanni ɗaya ba. Ƙasar Katsina ta ga irinsu. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya rubuta littafi a kan hatimin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A Gwandu, Malam Abdullahi Ɗanfodiyo ya yi tafsiri, ya yi nahawu da sarfu, ya yi tsarin mulki da shari'a, ya kuma yi waƙe. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya haɗa tarihi da fiƙihu da likitanci. Waɗannan mutane ba su san bangon da muka gina yau tsakanin "ilimin addini" da "ilimin zamani" ba. Lissafi da magani a wajensu ilimi ne kawai, kuma duk inda aka same shi ana ɗauka. Sufaye sun ƙara gaba, suka kira cikakken mutum halitta jami'a, domin a ganinsu shi ne ya tara abin da ya rarrabu a sauran halittu.

Hausa tana da nata kalmomin da ke kusa da wannan, amma ba su maye gurbinta ba. Gama-gari abu ne da ya bazu ko'ina, kuma sau da yawa da raini a cikinsa: kayan gama-gari ba na kece raini ba ne. Ruwan dare game duniya shi ma bazuwa yake nufi. Jami'i kuwa ba bazuwa yake yi ba, jawowa yake yi. Wanda ya fi kusa da shi, a ganina, shi ne abin da ake nufi idan aka ce wa mutum "na kowa".

Yadda ta zama sunan makaranta

Tsofaffin cibiyoyin ilimi na Musulunci masallatai ne. Ƙarawiyyin ta Fas a Maroko, wadda Faɗima al-Fihriyya ta gina a 859, jami'i ce. Azhar ta Alƙahira, da aka fara ginawa a 970 aka buɗe a 972, ita ma jami'i ce, kuma har yanzu masallacin da sunan yake amsawa. Hasumiyar Gobarau a Katsina ragowar irin wannan wuri ce, inda salla da karatu suka zauna tare.

Kiran makaranta jami'a, da siffar mace, sabon abu ne. Turkawan Usmaniyya Darul Fununi suka ce, wato gidan fannoni. Makarantar da Amurkawa suka buɗe a Beirut a 1866 kulliyya aka kira ta, daga kullu, wato duka, saiwar da ta ba mu kullum. Sai a 1908, da Misirawa suka kafa tasu a Alƙahira suka sa mata Jami'atul Misriyya, sunan ya kama ƙasa. Azhar kanta sai da dokar 1961 ta zama jami'a a tsarin zamani, aka ƙara mata tsangayoyin likitanci da injiniya da kasuwanci.

Akwai wani kuskure da ake yawan maimaitawa a wajen bukukuwan yaye ɗalibai, cewa sunan da Turawa ke kiran makarantar, wanda muke ji a baki kamar yunibasiti, yana nufin wurin da ake koyar da ilimin duniya duka. Asalinsa ba haka ba ne. A Latin, universitas ƙungiya ce ta mutanen da sana'a ɗaya ta haɗa, kamar yadda mahauta ko maƙera ke da tasu. A Bolonya ta Italiya ɗalibai ne suka haɗa kai don kare kansu daga masu gidajen haya da hukumar gari. A Paris malamai ne suka yi. Saboda haka sunan mutane yake nufi, ba fannoni ba. Kalmar Larabci ta dace da duka biyun, ta tara mutane ta tara ilimi, kuma a nan fassarar ta fi asalin kyau.

Kafin a kai ga makaranta, kalmar ta riga ta shiga siyasa. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da Turawa ke cinye ƙasashen Musulmi ɗaya bayan ɗaya, kiran da Jamaluddin al-Afgani da Muhammad Abduh suka yi a jaridarsu ta Paris a 1884, cewa Musulmi su haɗa kai ba tare da duban ƙabila ko mazhaba ba, Jami'atul Islamiyya aka sa masa suna. Sarkin Usmaniyya Abdulhamid na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1876 zuwa 1909, ya rungumi kiran, kuma titin jirgin ƙasa na Hijaz da ya isa Madina a 1908 da gudummawar Musulmin ƙasashe dabam-dabam aka gina wani ɓangare nasa. Wani marubuci Kirista, Farah Anɗun, ya fitar da mujalla a Iskandariyya a 1899 mai suna Jami'atul Usmaniyya, yana kiran haɗin kan 'yan daula ɗaya ko da addininsu ya bambanta. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa da aka kafa a Alƙahira a 1945, sunanta a Larabci da jami'a ya fara. Mai fassara ya kiyaye: Jami'atul Islamiyya a littafin tarihin ƙarni na 19 aƙidar haɗin kan Musulmi ce, amma a takardar shaidar malamin da ya dawo daga Saudiyya makarantar Madina ce da aka buɗe a 1961.

Jami'a da Katolika

Abin da zai ba masu karatu da yawa mamaki shi ne cewa Katolika da jami'a ma'anarsu ɗaya. Katolikos kalmar Girkanci ce mai nufin abin da ya game duka. Wanda aka fara samun ya siffanta ikkilisiya da ita shi ne Ignatiyus na Antakiya, a farkon ƙarni na 2. Taron limaman Kirista na birnin Kustantiniya a 381 ya sa ta cikin siffofi huɗu na ikkilisiya a shahadar bangaskiya, kuma idan Kiristocin Masar da Sham da Iraƙi suka zo wannan wuri a addu'arsu ta Larabci, jami'a suke cewa. Bayan rabuwar Gabas da Yamma a 1054, da kuma ɓallewar da Martin Luther ya faro a 1517, sai sunan ya fi zama na cocin da ke bin Fafaroma, ko da yake 'yan Angilika da Otodoks da wasunsu har gobe suna karanta shahadar da kalmar a ciki, da ma'anarta ta farko. A Ingilishi ma, idan aka rubuta ta da ƙaramin harafi aka siffanta mutum da ita, ba a nufin addininsa. Ana nufin mai faɗin sha'awa ne, wanda ke karanta kowane irin littafi, abin da malamanmu za su ce mutafannini.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga Jihar Katsina. A watan Oktoban 2023 Fadar Batikan ta cire Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato ta ba ta nata yankin bishop, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, a matsayin bishop na farko a watan Disamba na shekarar. A Littafi Mai Tsarki na Hausa majami'a wurin taruwar Yahudawa ne, taron mabiya Almasihu kuma ikkilisiya. Amma a jaridu da rediyo majami'a ta zama wata kalmar coci. Ke nan mai zuwa majami'a ranar Lahadi da mai zuwa Juma'a, sunan wurin taronsu daga haruffa ukun nan ya fito.

Abin da kalmar ba ta nufi

A nan ake samun ruɗani, kuma ruɗanin yana iya tayar da ƙura. Musulunci yana cewa saƙonsa na dukkan mutane ne, ba na Larabawa kaɗai ba. Kiristanci ma haka yake cewa game da nasa. Wannan ita ce ma'anar jami'a a addini: ƙofa a buɗe take ga kowane jinsi da harshe. Ana kuma amfani da ita ga ƙoƙarin ɗinke ɓaraka a cikin addini ɗaya, irin wanda ya haifar da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci a Najeriya, ko Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya a 1976.

Cewa duk addinai ɗaya ne, kowanne aka bi an isa, wannan wata magana ce dabam, Larabawa suna kiranta wahdatul adyan, kuma manyan malaman Musulunci da manyan coci-coci ba su yarda da ita ba. Tattaunawa tsakanin addinai kuma ba ita ba ce. Cibiyar da Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa a Kaduna a 1995, ko takardar 'yan'uwantaka da Shaihin Azhar Ahmad al-Tayyib da Fafaroma Francis suka sa wa hannu a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairun 2019, zancen zaman lafiya da haƙƙin maƙwabtaka suke yi, kowa yana riƙe da aƙidarsa. Akwai malaman da ke sukar irin wannan zama, akwai masu goyon baya, kuma muhawarar tana da gurbinta. Amma mai rahoto da ya cakuɗa waɗannan abubuwa a kanun labari ɗaya, ya jawo wa wani bawan Allah zargin da bai ji ba bai gani ba.

Jami'o'inmu

Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe ranar 4 ga Oktoban 1962. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin New Zealand ne. Ɗan ƙasa na farko da ya gaje shi a 1966, Farfesa Ishaya Audu, Bahaushe ne Kirista, ya kuma riƙe ta har 1975. Wannan bai zo da mamaki ba a lokacin, domin Jam'iyyar Mutanen Arewa kanta, tun tana ƙungiyar al'adu a 1949, shugabanta na farko Dokta R.A.B. Dikko Kirista ne. Zariya ta tara malamai daga Ingila da Indiya da Pakistan da ƙasashen Afirka da Karebiyan, ta tara ɗalibai daga kowane lungu na ƙasar nan, a cikin wannan haɗuwa kuma ta fitar da irin su Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, wanda ya sake rubuta tarihin Katsina.

Yaron Kankiya ko Kusada da ya gama sakandare yau bai buƙatar tafiya mai nisa. Al-Qalam ta fara a Katsina a 2005, ta jiha wadda ke ɗauke da sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ta tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma ta sufuri a Daura. Wannan alheri ne ga iyayen da kuɗin mota zuwa Maiduguri ko Ibadan zai gagara, musamman iyayen 'ya'ya mata. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da makarantar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko, kuma Arewa ta amfana da shi ƙwarai. Sai dai kowane alheri da kuɗinsa. Mutum yana iya yin firamare da sakandare da digiri da digiri na biyu, har ya zama malami a wurin, bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da wanda ba yarensu ɗaya ba. Duk lokacin da za a naɗa shugaban wata jami'a a ƙasar nan, Kudu da Arewa, sai an ji masu cewa dole ya zama ɗan asalin wurin. Jami'o'in fanni ɗaya, na noma ko lafiya ko sufuri, su ma sun sa tambaya a kan rabin ma'anar sunan, ko da yake wannan bai kai na farkon damuwa ba, tunda likitanci kaɗai ya tara fannonin da ran mutum ɗaya ba zai ƙure ba.

Wajen rubutu

Hausa ta ba jami'i wata ma'ana da Larabawa ba su san shi da ita ba, wato ma'aikacin da ke riƙe da wani aiki na hukuma: jami'in tsaro, jami'in hulɗa da jama'a, jami'in zaɓe. Macensa jami'a ce, kuma a nan teburin tace labarai ke shan wahala. "Jami'ar lafiya ta Kankiya ta yi gargaɗi a kan sanƙarau" yana iya nufin wata ma'aikaciya, yana iya sa mai karatu ya zaci an ɗaga makarantar koyon aikin lafiya da ke garin zuwa jami'a. Jam'insu ya raba gardama, domin ma'aikata jami'ai ne, makarantu kuma jami'o'i. A tilo kuwa gara a ce "wata jami'ar lafiya" ko "ma'aikaciyar lafiya" ga mutum, a kuma rubuta cikakken sunan makaranta da babban harafi.

Kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha ba jami'o'i ba ne a doka, ko da wasunsu na bayar da digiri da haɗin gwiwar wata jami'a. Idan ana son a haɗa su duka, manyan makarantu ake cewa. Jam'iyya da alamar ɗauri bayan mim ake rubuta ta, ba jami'iyya ba. Juma'a da Jumma'a duka ana gani a jaridu, na farkon ne ya fi kusa da asali. Idan kuma ana fassara daga Larabci aka ci karo da jami'i a gaban sunan wuri, kamar Jami'ul Azhar ko Jami'uz Zaituna na Tunis, masallacin ake nufi, sai an ga ta'in mace a ƙarshe sannan a rubuta jami'a.